Yadda Ake Karanta Hadari da Auna Ruwan Sama a Ƙaramin Gari

A garuruwa irin su Kazaure, Gumel, Daura ko Magarya, ba abin mamaki ba ne a tafka ruwa a gabashin gari har kwata ta cika, amma mutanen yamma ko ɗigo ba su gani ba. Hasashen da ake ji a rediyo ko ake gani a waya ba ƙarya yake yi ba. Matsalar ita ce manyan tashoshin auna yanayi suna nesa, galibi a filayen jirgin sama na Kano, Katsina ko Damagaram, shi kuwa hadarin da ya tashi shi kaɗai da la'asar faɗinsa ba kasafai yake wuce kilomita 10 zuwa 15 ba, kuma yakan ƙare cikin awa guda. Don haka manomi, magini, mai shanya da makiyayi sai sun iya duba samaniyar garinsu da kansu. Aikin ya rataya ne a kan iska, siffar gajimare da ma'aunin ruwa, kuma da iska ake farawa.

Fara da iska

Iska biyu ke karɓa-karɓa a wannan yanki. Ta rani busasshiya ce, daga arewa maso gabas take zuwa, daga Sahara. Ta damina tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Layin da suke haɗuwa yana matsowa arewa tun daga bazara, ya kai ƙarshen tafiyarsa a watan Agusta, sannan ya koma kudu. Muddin layin nan bai wuce garinku ya yi arewa ba, duk gajimaren da ka gani ado ne.

Ka kafa doguwar sanda a fili inda gini ko itace ba su tare ta ba, ka ɗaura mata tsumma marar nauyi mai tsawon kamu ɗaya. Ka riƙa duba ta da sassafe, domin da rana zafi yana dama iskar ƙasa, alkiblarta ta rikice. Idan tsumman ya yi kwanaki a jere yana karkata zuwa arewa maso gabas, iskar teku ta iso ke nan. Za ka ga wasu alamun tare da ita: gumi ya daina bushewa a jiki, ruwan tulu ya rage sanyi, gishiri ya fara dunƙulewa, kwalbar lemo mai sanyi ta jiƙe sharkaf da zarar an fito da ita. Shamuwa ma a wannan lokacin take dawowa, gawo kuma ya fara kaɗe ganye.

Kada ka ɗauko iri don iska ta juya. Ruwan kirki yana bin bayan layin ne da ɗaruruwan kilomita, saboda a kusa da layin laimar ba ta da kauri. Tsakanin juyawar iska da ruwan shuka ana iya samun makonni.

Mai waya yana da wata dabarar. Yawancin manhajojin yanayi suna nuna digirin da raɓa ke sauka. In yana ƙasa da 14 ko 15, iskar rani ce ke mulki. In ya kai 20 zuwa sama, akwai laimar da za ta ciyar da hadari. Da shi ma ake ƙiyasta tsayin gindin gajimare: ka cire digirin raɓa daga zafin gari, ka ninka abin da ya rage da mita 125. Zafi 34 da raɓa 22 sun ba da mita 1,500. Zafi 40 da raɓa 12 kuwa sun ba da mita 3,500, kuma ruwan da ya sauko daga wannan nisan cikin busasshiyar iska yawanci ba ya kawowa ƙasa.

Rarrabe gajimare

Masana yanayi sun kasa giza-gizai gida goma, a kan tsarin da Luke Howard ya fara a Ingila a farkon ƙarni na 19. Ba sai ka haddace goman ba. Abin da za ka tambayi kanka shi ne: a sama can yake ko a ƙasa, kuma shimfiɗe yake ko tsiri yake yi?

Na can ƙololuwa, sama da kilomita 6, farare ne siraran zare-zare, rana na ratsa su ba tare da ta dushe ba. Sunansu sirus, ƙanƙara ce zalla a cikinsu, kuma ba sa ba da ruwa. Idan suka bazu suka zama farin mayafi har zobe ya kewaye rana ko wata, wannan sirostaratus ne. A damina yawanci ɓurɓushin kan wani babban hadari ne, ko wanda ya mutu jiya ko wanda ke tafe, saboda haka ka lura ta ina yake ƙara kauri. In ta gabas ne, ka sa ido.

Na tsakiya, daga kilomita 2 zuwa 8, sukan fito a jere ƙanana-ƙanana, fari da toka-toka. Waɗannan su ne altokumulus. Shimfiɗaɗɗu ba su da wani labari. Amma in da hantsi ka ga kowanne ya tsiro da ƙananan kawuna a samansa, iskar sama ba ta zauna lafiya ba, kuma ranar tana iya ƙarewa da hadari. Altostaratus kuwa shimfiɗa ce mai ruwan toka wadda rana ke bayyana a bayanta dishi-dishi, inuwarka ma ta ɓace. Shi ne yakan rage a sama da safe bayan ruwan dare.

Na ƙasa wanda ya fi muhimmanci shi ne kumulus, farin dunƙule mai shafaffen gindi da ke fitowa da hantsi idan ƙasa ta ɗau zafi. Shi za ka bi da kallo har la'asar. In da azahar faɗinsa ya fi tsayinsa, gefensa yana yagewa yana ɓacewa, ranar ba ta ruwa ba ce. In kuwa tsayinsa ya fi faɗinsa, kansa yana tafasa yana hawa da kaifin gefe, gindinsa yana duhu, to yana kan hanyar zama hadari. Alamar da ke nuna ya kai ita ce kan ya daina kaifi, ya yi laushi, ya baje gefe guda kamar uwar maƙera. A nan ya zama kumulonimbus, kansa na iya kaiwa kilomita 15 ko fiye, kuma shi ne mai walƙiya, tsawa, iska da ƙanƙara. Daga dogon kumulus zuwa wannan matakin rabin awa ma ya isa.

Sauran su ne na marka: gajimare mai duhu, ƙasa-ƙasa, wanda ya rufe sama ruf ba gefe ba kai. Za a zo kansa a gaba.

Hadarin gabas, daga hangowa zuwa ɗaukewa

Abin da ke rikita mai koyo shi ne laima daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadari daga gabas yake tasowa. Dalili shi ne a tsayin kilomita 3 zuwa 4 akwai wata ƙaƙƙarfar iska mai kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ita ke tuƙa hadarin. Saboda haka inda za ka duba shi ne wajen alƙibla da ɗan damanta. Baƙin hadarin da ke yammacinka, komai muninsa, galibi ya riga ya wuce, rabon wasu ne. Haka bakan gizo: kullum yana kishiyar rana, don haka na safe a yamma yake, yana nuna ruwan da ya tafi, na la'asar kuma a gabas yake, yana nuna ruwan da ke iya isowa.

Hadari iri biyu ne. Akwai tilo, wanda zafin rana ya tayar a kusa, shi ne mai jiƙa unguwa ɗaya ya bar ɗaya. Akwai kuma jerarre, wanda ya haɗa layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita daga arewa zuwa kudu, yana tafiya yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Irin wannan yakan samo asali da yamma a kan tuddai, kamar tsaunukan Jos, Ayar ko Darfur, ya kwana yana tafiya, shi ya sa garuruwa da yawa ke samun ruwansu da tsakar dare ko da asuba. Mafi yawan ruwan shekara a Sahel daga gare shi yake, kuma a tsakiyar damina yakan biyo juna duk bayan kwana 3 zuwa 5. Gane shi ba wuya: ya tare gabas gaba ɗaya, ba ka ganin ƙarshensa ta hagu ko ta dama.

Ga yadda yake isowa. Da farko gari ya yi tsit, iskar kudu ta kwanta, zafi ya dame. Daga nan farin mayafin kansa ya rufe sama. Sai a hango wani dogon baƙin gajimare kwance ƙasa-ƙasa a gabansa. In ka ga wannan, abin da ya rage maka mintuna ne, ba su fi 10 zuwa 20 ba: kwashe shanya, ɗaure rumfa, rufe tagogin gabas, shigar da yara da ƙananan dabbobi. Sai iska mai sanyi ta bugo daga gabas farat ɗaya, zafin gari ya faɗi da digiri da yawa cikin 'yan mintuna. Wannan iskar ce ke yaye kwano da karya itatuwa, kuma tana riga ruwa isowa. Bayanta ruwa ya tsuge kamar na rabin awa zuwa awa guda, sannan ya koma yayyafi mai nutsuwa na awa biyu ko uku. Wannan na bayan shi ne ƙasa ta fi sha, domin na farkon da yawansa gudu yake yi ya tafi kududdufi.

A farkon damina, watan Afrilu zuwa Yuni, sau da yawa labarin yana tsayawa ne a kan iska. Za ka ga jan bango na ƙura ya taso daga gabas, gari ya yi duhu, a ƙarshe ɗigo kaɗan ya sauka a ce hadari ya baje. Ka duba ƙarƙashin gajimaren tun yana nesa: in zaren ruwan da ke saukowa ya tsaya a rataye bai taɓa ƙasa ba, ƙafewa yake yi a hanya. Ƙafewar nan tana sanyaya iska, ta yi nauyi, ta faɗo da ƙarfi. Shi ya sa hadarin da ba shi da ruwa yakan fi mai ruwa ɓarna ga rufi. Magini ya duba ƙusoshin kwano da ɗaurin katako da bango tun watan Maris, musamman ta gefen gabas.

Nisan tsawa

Sauti yana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3. Da ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga har ka ji rugugi, ka raba da uku. Daƙiƙa 15 kilomita 5 ke nan. In ƙirgar tana raguwa, hadarin kanka yake yi. Da ta kai 30 ko ƙasa da haka, ka bar fili, kuma kada ka koma sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Walƙiyar da ake gani da dare ba ƙara tana nesa, domin ba a cika jin tsawa daga abin da ya wuce kilomita 20 ba. In a gabas take kuma tana ƙara haske, kana iya samun awa ɗaya ko biyu.

Gindin itace, musamman wanda ke tsaye shi kaɗai a gona, shi ne mafi munin mafaka. Rumfar kwano marar bango, bakin tafki da kan tudu duk haka suke. Cikakken ɗaki ko mota mai rufin ƙarfe su ne daidai. A cikin ɗaki a cire waya daga caji, a nisanci duk abin da ke haɗe da wayar lantarki. Wanda aradu ta faɗa wa ba ya riƙe wuta a jikinsa, a taɓa shi nan take, in ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji a nemi asibiti.

Haɗa ma'aunin ruwa

Ido ba ya auna ruwa. Ruwan da ya zo da iska da hayaniya sai a ɗauka mai yawa ne alhali bai kai milimita 5 ba. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta.

Hanya mafi sauƙi ita ce gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, kamar babban gwangwanin madarar gari. A yanke leɓen da ya lanƙwaso ciki a bakin. Zurfin ruwan da ya taru a ciki shi ne yawan ruwan da aka yi. Bokiti ba ya yi, domin bakinsa ya fi gindinsa faɗi, zai nuna fiye da gaskiya. A lura da rula kuma: yawancinsu suna da ɗan fili kafin sifili, sai a yanke shi, in ba haka ba kowane awo zai ragu da 'yan milimitoci.

Wanda ya fi wannan daidai shi ne mazurari a kan robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, tare da sirinji ko kofin awon magani. Auna faɗin bakin mazurarin daga ciki da santimita, ka raba biyu, ka ninka rabin da kansa, ka ninka da 3.14. Mazurari mai faɗin santimita 14 zai ba da 7 sau 7 sau 3.14, kusan 154. Bayan ruwa ka auna mililita nawa ya taru, ka ninka da 10, ka raba da wannan adadin. Mililita 340 sun zama 3,400, a raba da 154, an sami milimita 22. In ka dace da mazurari mai faɗin santimita 11.3, lissafi ya huta: kowace mililita 10 milimita ɗaya ce. Robar nan da mazurarin santimita 14 za ta cika a wajen milimita 97, don haka a tsakiyar damina a juye ta bayan kowane ruwa.

Wurin kafawa ya fi kayan muhimmanci. A nisanta shi daga bango ko itace da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, ninki huɗu ya fi. Katanga mai mita 2 tana buƙatar tazarar mita 4 zuwa 8, wanda ke nufin tsakar gida da yawa ba su dace ba. Kada a ɗora shi a kan rufi, iskar can tana kwashe ɗigo. Bakinsa ya kasance aƙalla santimita 30 daga ƙasa don kada tartsatsi ya faɗa ciki. Inda akwai awaki da yara, a ɗaure shi a jikin turke a tsayin mita ɗaya, bakin ya ɗara kan turken, kuma ya zauna daidai ba karkace ba. A karanta shi kowace safiya a lokaci ɗaya, misali ƙarfe 7, kafin rana ta fara shan ruwan, a rubuta a kan kwanan jiya. Ranar da ba ruwa a rubuta sifili, domin ranakun sifilin su ne za su nuna tsawon fari.

Littafin ya ƙunshi kwanan wata, milimita, lokacin da ruwan ya fara, inda iskar safe ta fito da irin gajimaren azahar. In an sami mutum uku ko huɗu a kusurwoyin gari da gonakin da ke kewaye suna yin haka, cikin damina ɗaya za a ga bambancin da ke tsakaninsu.

Abin da za a yi da lissafin

Ma'aunin da masana noma na Sahel suka fi amfani da shi wajen sanin faɗuwar damina shi ne wanda Sivakumar na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Nijar ya fitar a 1988: daga 1 ga Mayu, a sami milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma kada a yi fiye da kwana 7 ba ruwa a cikin kwana 30 da ke biye. Rabin farko ma'auninka zai gaya maka. Rabin na biyu ba wanda ya san shi a ranar shuka, a nan ne hasashen damina da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da na cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai, suke da amfani. In milimita 20 ta sauka makonni kafin lokacin da aka yi hasashe wa yankinku, kuma iskar safe ba ta tsaya a kudu maso yamma ba, a yi hattara. Gero yana jure ɗan fari, masara da gyaɗa ba sa yafewa.

A haɗa da tono. A jigawa milimita ɗaya tana jiƙa kusan santimita ɗaya, don haka ruwan milimita 20 zai sauka kamar taƙi guda. A tona washegari da safe a wurare uku a gonar. In danshin bai wuce tsawon yatsa ba, zafin watan Mayu zai shanye shi cikin kwana biyu, iri ya tsiro ya ƙone. Wannan ne haɗarin binne ma: ɗan ruwan milimita 5 zuwa 8 ya isa ya tayar da irin, bai isa ya raya shi ba. Ƙasa mai laka tana buƙatar ruwa fiye da haka kafin danshi ya nutsa.

Takin yuriya a sa shi bayan ruwa, ƙasa na da danshi, a rufe shi da ƙasa. In aka watsa shi a busasshiyar ƙasa cikin rana, wani kaso zai bi iska. In aka watsa gab da babban hadari, ruwa zai tafi da shi. Feshi kuma da safe ake yinsa, ranar da gabas take wasai, domin yawancin magunguna suna son awanni kafin ruwa ya taɓa ganyen. A duba takardar jikin maganin.

Mai tarar ruwan rufi ya auna tsawo da faɗin ɗakin a ƙasa, ya ninka da milimita, ya cire kashi ɗaya cikin biyar na asara. Rufi mai mita 10 da mita 8 a ruwan milimita 22 zai ba da wajen lita 1,400, duro bakwai ke nan masu lita 200. Ruwan farko na shekara da na mintunan farko a bar shi ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye.

Marka da ƙarshen damina

A watan Agusta laima ta yi kauri, sai a wayi gari sama a rufe, ba tsawa sosai, ba iska, ruwa na zuba a hankali na tsawon yini ko fiye. Ma'auni ba zai nuna adadi mai ban tsoro a rana ɗaya ba, saboda haka a riƙa tara na kwana uku zuwa biyar. Ginin ƙasa jimilla ke kayar da shi: gindin bango ya sha ruwa bai sami rana ya bushe ba. A duba indararo kada ya toshe, a share magudanar da ke bin gindin katanga, a tayar da ƙasa a jikinta yadda ruwa zai gangara waje. Bangon da ya yi duhu har gwiwa, ko ya tsage daga sama, kada a kwana a gindinsa.

Daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba layin iskar yana komawa kudu, hadari ya koma irin na farkon damina: jefi-jefi, tilo, mai iska da tsawa. Lokacin ne gero ke kwance a gona, gyaɗa da wake ke shanye. A yi shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a ƙasa tsirara ba, a ajiye abin rufewa kusa, a duba gabas da azahar da la'asar. Gyaɗa ko masarar da ruwa ya sake jiƙawa tana saurin yin fumfuna mai guba, sai a sake baza ta ta bushe ƙarau kafin a zuba a buhu. Raɓa ma tana da yawa a wannan lokaci idan dare ya yi garau ba iska, don haka a tattare shanya kafin magariba. Idan tsumman sanda ya koma karkata zuwa kudu maso yamma safiya bayan safiya, leɓe ya fara bushewa, kumulus ɗin hantsi ya daina fitowa, ruwa ya ɗauke. A wanke ma'aunin a ajiye a inuwa don kada rana ta cinye robar, a tara jimillar kowane wata a shafin ƙarshe na littafin.